Ɗigo Uku na Jan Farce

Talata, 4 ga Maris

Ƙanin Baban Yara zai zo ranar Asabar ya ɗauki sifikokin nan biyu. Ni na ce ya zo. Shekara da shekaru ina cin tuntuɓe da su, don marigayin bai taɓa yarda su jingina da bango ba. Wai sauti ma yana son numfashi. Bayan rasuwarsa na tura su lungu, na ɗora musu kwandon wanki.

Laraba, 5 ga Maris

Na naɗe kafet zan yi shara, sai ga ɗigo uku na jan farce a siminti. Biyu a gaba, ɗaya a baya, daidai inda kujerarsa take a da. Ashe nan jan farcena ya tafi! Ɓarawo kawai.

Alhamis, 6 ga Maris

Don dai in gani. Na ja kowace sifika kan ɗigonta, na ɗan karkato fuskokinsu yadda yake yi, na sa kujera a kan na ukun. Na zauna, na kunna kaset ɗin da ya bari a cikin rikodarsa.

Ikon Allah! Ba waƙa ba ce, gidanmu ya ɗauka. Bangon ya ɓace. Ga ƙarar cokula can hagu, ga Auta tana haddar karatu a dama. Sai ni, daga kicin: "Wallahi ka matsar da akwatunan nan ko in yi itace da su!"

Sai ya yi dariya. Ƙasa-ƙasa, a tsakiya, inda babu sifika babu kowa. Har na miƙa hannu. Na matsa gefe kaɗan, ya koma cikin akwati. Na dawo kan ɗigon, ga shi a gabana.

Ban taɓa jin wannan dariyar ba. Kullum ina kicin.

Juma'a, 7 ga Maris

Ban yi girki ba.

Asabar, 8 ga Maris

Ƙanin nasa ya zo da mota. Na ce wayar sifika guda tana da matsala, ya bari tukuna. Ya dubi kujerar, ya dube ni.

"To, matar Yaya," ya ce, "a gyara a hankali."

Da yamma na yi shara, na zagaye su. Ba wata wahala ba ce ma.