Muryar Inna a Wayar Ɗalibata

Ƙanwata Rabi,

Ina gaisuwa. Ya jiki, ya maigida da yara, ya zaman Agadas?

Ina Magariya da ɗalibaina, muna binciken kaɗaicin tsofaffin da 'ya'yansu suka yi nisa. Wata ɗaliba ta ɗauko hirar wata tsohuwa a Guci. Tana kunna mini, sai na ji muryar Inna.

Ta tambaye ta, "Baba, wa kika fi kewa?"

Inna ta ce, "Wani mai koyarwa a birni. Ɗan fari ne, ba na faɗin sunansa."

Na yaba aikin, na koma masauki ni kaɗai.

Ki gaida kowa, ki sa ni a addu'a. Gobe zan je Guci, ba ɗalibi ko ɗaya.

Yayanki,
Sani