Usur ɗin da na saka a rahoto

Zuwa ga Kawu Yohanna,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu, tare da ladabi da girmamawa. Ni ce Rifkatu, 'yar ƙanwarka, wadda ka saka a jirgin Kafanchan da akwatin kwano ranar da zan tafi jami'a. Yau shekara guda ke nan da muka binne ka. Na san ba za ka karanta wannan ba. Mutanen garinmu za su karanta, ko a karanta musu, kuma ina so su ji.

Ka tuna shekarar da gwamnati ta kawo sabon tsarin ƙananan hukumomi, na zo gida da baƙi biyu, Kwaku daga Gana da Marike daga Holan. Dukkanmu ƙananan malamai ne masu nazarin siyasa. Ba wanda ya kai shekara talatin, kuma kowannenmu ya tabbata manyansa sun ɓata aikin. Wata takwas muna musayar wasiƙu kafin mu ga juna, muka tsaya a kan ƙa'ida biyu. Za mu sakaya sunan duk wanda ya yi mana magana. Sannan ba za mu kwashi maganar mutane mu fita da ita waje kamar buhun citta ba, sai mun dawo mun karanta musu abin da muka gano. Mun yi alfahari da ƙa'idodin nan ƙwarai. Ba mu tsaya mun duba ko ɗaya za ta cinye ɗaya ba.

Kai ka buɗe mana gari. Ka goya Kwaku a keke har kasuwar Godogodo. Ka raɗa wa Marike suna Maryamu saboda nata ya ƙi zama a bakinka, ita kuwa ta rubuta a littafinta cewa wata babbar al'ada ce.

A gindin mangwaron gidanka ka yi magana cikin rikoda. Ka ce dagaci ya gama zaɓa wa gari kansila tun kafin a tambayi kowa, surukinsa ne, kuma dattawan coci sun sani sun yi shiru. Ka ce, "Rubuta duka, amma kada ki sa sunana." Ban kuwa sa ba.

A rahoto ka koma Malam B. Sai na ƙara layi guda: tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa wanda har yau yake rataye da usur a wuyansa. Marike ta ja masa jan biro, ta tambaya ko ba za a gane ka ba, ta ce a goge. Kwaku ya ce a ƙauyensu kam da ko akuya ta gane. Na ce musu ni 'yar gari ce, na fi su sani. Gaskiyar magana, layin ne ya yi mini kyau. Na san za a yaba masa a taron da za mu je Turai. An kuwa yaba.

Ran Lahadi bayan sujada muka tara gari a ajin firamare, don cika ƙa'ida ta biyu. Ni na karanta da Hausa. Da na iso wurin usur, ba wanda ya waiwayo ya dube ka. Aji cike da mutane, kowa ya zuba wa allo ido. A nan na gane sun san kai ne. Dagaci ya tashi ya yi mana godiya mai tsawo, ya ce ilimi abu ne mai kyau.

A bakin ƙofa ka riƙe hannuna ka ce, "Kin karanta da kyau. Ba ki yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba." Ba ka sake tayar da maganar ba har ka bar duniya.

Bayan mako biyu ka kira gayyar huɗa. Tun da ka bar aiki, da usur ɗinka ake fara gayyar kowa a garin, kai ke busawa maza su jera garma. Ba na nan, muna can Turai ana tafa mana. Mama ce ta ba ni labari. Matarka Goggo Laraba ta dama kunun acca tulu uku. Ka tsaya a bakin gona ka busa, ka jira, ka sake busawa. Da rana ta take, aladu suka sha kunun.

Ba wanda ya zage ka. Ana gaishe ka a hanya, ana matsa maka a bencin coci. Gonarka ce kawai take raguwa kowace damina, kai kana ramewa tare da ita. Ka cire usur daga wuyanka.

Gari ya yanke cewa Baturiya ce ta tona ka. Ka bar su a haka, domin ni. Ni ma na bar su a haka, domin ni. Kowace Kirsimeti Marike tana aiko maka da kati, ni ke kai maka, ina kallon yadda Goggo take karɓa da yatsa biyu.

Watan jiya ta rubuto cewa aikin zai zama littafi, da sunanmu uku, har da babi a kan yadda ake mayar wa jama'a iliminsu. Na ba ta labarin gayyar, karo na farko. Na ce a saka wannan wasiƙa a babin, ko a cire sunana.

Don haka, Kawu, bari in faɗa a gabanka, su ma su ji. Ba Baturiya ba ce. Ita ta ce a goge. Ni na rubuta, ni na ƙi gogewa, ni na karanta.

Bayan jana'iza Goggo ta miƙo mini usur ɗin a ƙulle cikin hankici, ta ce kai ka ce a ba ni. Na tambaya ko ka bar saƙo. Ta ce ba ka bari ba. Yana cikin durowar teburina a ofis. Duk lokacin da na rubuta layin da ya burge ni, sai in ji kamar an busa shi daga nesa, in ajiye biro.

Damina ta kusa. Goggo ta ce ba za ta kira gayya ba, ta gaji da jira. Na ce ni zan kira. Ban iya garma ba, ka sani, amma zan tsaya inda ka tsaya in busa. Ban san ko wani zai fito ba.

Allah ya ba ka hutawa a wurinsa, Kawuna. Ya gafarta mini abin da ka ƙi ambata.

'Yarka,
Rifkatu