Rabon da Na Bar wa Ruwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ni ne Maiwada ɗan Sama'ila na Unguwar Kurna, mahaifinku. Ina rubuta wannan a Tamanrasat, cikin ɗakin gadi na wani gini da ba a gama ba. Hankalina cikakke ne, ba zazzaɓi ke magana ba, ba kuma wanda ya tsaya a kaina ya ce in rubuta. Ƙirjin ne ya ƙare. Likitan nan ya ɗaga hoton ƙirjin ya daɗe yana kallo ya ajiye, ni kuwa na gane. In kun ga rubutun ya karkace, hannun hagu ne, kun san abin da ya sami na dama. Shaiduna su ne Isma'ila mutumin Maijirgi da Taufiq mutumin Kona, abokan zamana a nan. Isma'ila zai kawo muku takardar in ya sauko gida.

Zuwa gare ku, Sabiru, Hafiza da Auta. A karanta ta gaban mahaifiyarku Zara'u. A kira Kadijatu, matar ƙanena marigayi Muddassir, ita ma ta zauna ta ji.

Na ɗaya. Gado ba ni ke raba shi ba, Allah ya riga ya raba. Gida, gonar hanyar Mayayi, jaki da amalanke, da ƴan tumakin da suka rage, ku kira liman ya ba kowa haƙƙinsa. Kada wanda ya ɗaga murya a kan Hafiza don tana mace. Shebur da baro da ke zaure ba namu ba ne, na komiten unguwa ne, ku mayar kafin a fara rabo.

Kafin na biyu sai na ba ku labarin abin da ya kore ni, don Auta yana goye lokacin, kai kuwa Sabiru rabin labarin ka riƙe, rabin da ke maka daɗi.

Tun zamanin kakanni, duk ruwan da ya sauka a unguwarmu Tabkin Kurna yake tafiya. Can muke buga tubali, can dabbobi ke sha, ba wanda ya taɓa tunanin tabkin yana mana wani aiki. Sai konseyen unguwarmu, wakilinmu a majalisar gari, wanda mu muka zaɓe shi da hannunmu, wanda ya ci goron sunan kowane ɗayanku, ya zo da masu awo. Aka cike tabkin da shara da marmara, aka dasa duwatsun iyaka, aka yanka shi filaye aka sayar. Aka ce mu kwantar da hankali, za a gina mana kanibo, wato magudanar ruwa ta siminti, ya fitar da ruwan bayan gari. Muka kafa komite, aka sa ni gaba don na ɗan zauna lakwal na yi boko, ina iya rubuta faransanci. Na rubuta har na gaji. Na zauna kan bencin ma'aikatar magajin gari har masu shara suka san sunana. Da zaɓe ya matso suka zo suka haƙa ɗan rami da bai kai gwiwa ba, suka ɗauki hoto, suka tafi. Kanibon ke nan har yau.

Damina ta zo, ruwa ya rasa wurin zuwa. Sai kowa ya fara tara ƙasa da buhunan yashi a ƙofar gidansa. Mutanen tudu suka turo mana, mu na tsakiya muka tura wa na gangare. Ba wanda ya ce yana zaluntar kowa, kowa cewa yake ɗakinsa yake karewa. Baffanku Muddassir bai tsaya ga ƙofar gida ba, ya datse lungun gaba ɗaya, daga katangarmu zuwa ta gaba. Na ce masa wannan ya yi yawa. Ya tambaye ni ina zai kai ƴaƴansa in ɗaki ya faɗi. Na ƙyale shi. Amma gaskiya ita ce datsin nan ya juya ruwan unguwa duka zuwa gidan Ƙadri, maƙwabcinmu na gangare.

Wata la'asar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Bangon ɗakin Lalla, mahaifiyar Ƙadri, ya sha ruwa ya rufta mata tana ciki. Da hannu muka tono ta, ina cikin masu tonon. Bayanta ya karye, bakinta cike da taɓo, Ƙadri yana sa yatsa yana kwashe shi yana kiran sunanta. Lallar nan ita ta yanke cibiyarka, Sabiru, ita ta yi maka wankan farko. Wannan rabin ne ba ka son ji.

Washegari aka kai ta. Mutanen gangare ba su koma gida daga maƙabarta ba. Da digar da suka haƙa kabarin, da shebur ɗin da suka rufe shi, suka nufo datsin. Baffanku ya hau kan datsin da gora a hannu. Matasan tudu suka sauko taya shi da duwatsu da sanduna. Na shiga tsakani ina ɗaga hannu, ba wanda ya ji ni. Taɓo har ƙwauri, mutum ya faɗi a taka shi, mata suna kururuwa daga kan katanga. Na ga an fasa bakin wani dattijo da dutse, haƙoransa suka zubo cikin laka yana laluben su. Na ga maƙwabta biyu da ke sallah sahu ɗaya, ɗaya ya danne kan ɗaya cikin ruwa yana jira ya daina motsi. Gorar Muddassir ta sauka a kafaɗar Ƙadri, shi ya fara duka, ba zan ɓoye ba. Sai Ƙadri ya ɗaga digar. Ta shiga wa Muddassir tsakanin wuya da kafaɗa, sai da ya sa ƙafa ya taka kafin ta fito. Na kai hannu in tare sara na biyu, bakin shebur ɗin wani ya datse mini jijiyoyin hannun dama. Na ga fuskar mai shebur ɗin. Yana nan unguwar, kuna gaisawa, kuma da sunansa zan shiga kabari.

Datsin ya fashe duk da haka, ruwan ya kwashi jinin baffanku ya ratsa da shi gidajen gangare. Muka ɗora shi a amalanke, kansa a cinyata. Bai kai bakin kwalta ba ya cika. Masu kaki suka iso bayan an gama, suka kwashi duk wanda ke da taɓo a ƙafa, suka jera mu a rana suna zabga mana bel, ni da hannu yana zuba. Konseyen kuwa yana babban birni. Ya aiko da buhun shinkafa gidanmu, ya aika da irinsa gidan Ƙadri, tambari ɗaya, mota ɗaya ta sauke su.

Aka tsare ni a matsayin shugaban komite, wai ni na tara mutane. Da aka sake ni hannun ya bushe, ba ya riƙe hauya. Mutanen tudu suka ce na goyi bayan gangare, na gangare suka ce jinin mai datsi ne ni. Shi ya sa na hawo arewa nake gadin simintin wasu.

Na biyu, naka ne kai kaɗai, Sabiru. Na saurari muryar da ka turo mini a waya. Ka ce Ƙadri zai fito daga gidan kaso na Tasawa kafin damina, ka ce ka sayo adda a kasuwar Kanambakashe ka ɓoye ta cikin rumbu, ka rantse ba zai kwana biyu a unguwar ba. Ka yi zaton zan ji daɗi. To ka ji. Ni ban yafe wa Ƙadri ba. Na gwada, zuciyar ta ƙi, kuma ba zan yi maka ƙarya ina bakin kabari ba. Ƙanena ne, ni na goya shi zuwa gona. Amma jinin nan ba nawa ba ne, balle naka. Na ƴaƴan Kadijatu ne. In sun girma su yafe ko su nemi haƙƙinsu gaban alƙali, su ya shafa. Shari'a ta ɗaure mutumin, ya ci zamansa, uwarsa tana ƙasa. Me za ka ƙara masa da bai gani ba?

Ka sare shi, ƴaƴansa su sare Auta a hanyar lakwal, a kai ka Tasawa ka zauna inda ya tashi, mahaifiyarka ta dinga bin motar kasuwa da kwanon tuwo. Ruwan kuma ya dawo baɗi ya tarar da lungun yadda yake. Wanda ya sayar da tabkin ya sake aiko muku da shinkafa. Ka fito da addar nan ranar da aka karanta wannan, gaban Isma'ila, ka miƙa wa mahaifiyarka, ta san inda za ta kai ta. In ka zub da jinin Ƙadri ko na wani nasa, da hannunka ko da hannun haya, ban yafe maka ba duniya da lahira. Ban taɓa faɗa wa ɗana irin wannan magana ba. Na daɗe da alƙalami a hannu kafin in rubuta ta.

Na uku. Addini ya ba ni ikon sulusin abin da na bari. Ba masallaci na ba, ba makaranta ba. Ruwa na ba. Ku yanki gefen gidanmu na gabas, faɗin da amalanken jaki zai wuce, tun daga lungu har bayan gida inda ƙasa ke gangarawa zuwa fadama. Ɗakina yana kan hanyar, ku rushe shi, ba mai komawa cikinsa. Madafin Zara'u ma zai tafi. Ki yi haƙuri, Zara'u, ki sa yaran su gina miki wani ta yamma kafin su taɓa wannan. In liman ya auna ya ga ya wuce sulusi, ina roƙon ku cike da yardarku, roƙo ne ba umarni ba.

Ban ce wannan zai ishe unguwa ba. Akwai gidaje bayanmu da dole su ma su ba da nasu, kuma wasu za su ƙi. Amma ba wanda zai rushe katangarsa sai ya ga wani ya fara, kuma gidan da aka yi datsi shi ya kamata ya fara. Ku je da mai unguwa a rubuta wurin a ma'aikatar magajin gari cewa hanyar ruwa ce ta jama'a, a buga hatimi, ku riƙe kwafi. In ba haka ba wata rana za ku tashi ku tarar an dasa masa dutsen iyaka an sayar wa mai shago.

Na huɗu, ke Hafiza. Kin fi su karatu, kin kuma fi su sanyin kai. Ki shiga komiten, ko sun ce ba wurin mace ba ne. Ki tuna musu cewa mata ne kaɗai suka taɓa tayar da mutanen ofis ɗin magajin gari daga kujera, ranar da mahaifiyarki da ƙawayenta suka ɗauki ruwan taɓo a bokitai suka juye a ƙofarsu. An kore su da bulala, an tsinke wa mahaifiyarki ɗan kunne har da naman, amma washegari sai ga masu awo a lungu. Zaman majalisar gari a buɗe yake ga kowa, ba sa dai son ku sani. Ki je ki zauna. Kada ki tafi ke kaɗai, kada kuma ki tafi da mutanen tudu kaɗai. Ki ɗauki na gangare, ku shiga tare, don abin da ya fi musu daɗi shi ne su ga mun zo kashi biyu. Ki tambayi kanibon a kowane zama har su tsani ganin ki. Wanda duk ya zo neman ƙuri'a, ku kai shi bakin ramin nan ku tsayar da shi ciki kafin ya yi magana. Kada ku zagi kowa, kada ku ƙona komai. Ofis ɗin namu ne, mu za a sake tatsa a gina shi.

Na biyar. Kadijatu da marayunta ba baƙi ba ne a gidan nan. Rabon Muddassir na gidan mahaifinmu yana nan daram, kada hanyar ruwan ta ci ko taƙi ɗaya daga ciki. Tukunya ɗaya, kamar yadda na bari. Kuma kada a rene su da labarin diga. In sun tambaya a gaya musu duka, har da Lalla. Kai Auta, ban ga girmanka ba sai a hoto, wannan yana cikin abin da unguwar ta ci mini. Ka riƙe karatu. In an ce maka kada ka yi wasa da yaran gangare, ka ce babanka bai hana ba.

Na shida. Kada ku sayar da ko tunkiya don a kawo gawata. Akwai Musulmi a nan, za su yi mini sutura. Kada a kafa rumfa, kada a karɓi komai daga hannun konseye ko ɗan aikensa, ko da ƙwayar shinkafa ce. Ku yi addu'a ku watse.

Saura abu guda, kuma shi ya fi nauyi. Ranar da za a fasa katangar, Sabiru, kai za ka taka har gidan Ƙadri ka yi sallama ka kira shi. Shi ya fi kowa sanin inda ruwan ke bi, don gidansa ya ci. Ban ce ka yi masa dariya ba, ban ce ku ci abinci kwano ɗaya ba. Ka tsaya ta wannan gefe, ya tsaya ta wancan, ku haƙa har ku haɗu a tsakiya. Zai zo da diga a hannu, kai ma haka, unguwa duka tana kallo. Na san abin da nake nema gare ka. Ni kaina ban tabbata zan iya ba, shi ya sa nake roƙon Allah ya sa ka fi ni.

Allah ya yi muku albarka, ya rufa muku asiri, ya tsare hannuwanku daga jinin mutane. Zara'u, na gode, ki yafe mini nisan nan. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe juna, kada gidan ya rabu tudu da gangare kamar yadda unguwar ta rabu. Na gaji, hannun ma ya gaji. Ku fasa katangar kafin hadarin farko ya haɗu.

Mahaifinku,
Maiwada Sama'ila