Kifin yayan mijina da kanwar da ya zuba masu

Assalamu alaikum ƴan gidan nan. Admin a sakaya sunana, kodayake duk ɗan Dakoro da ya karanta zai gane ni. Don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Asabar, wanda zai yi dariya kuma ya yi, ni ma da kan wata abin ya faɗa da na dara.

Ni mace ce, aikina maganin bisashe. Da na gama lekol na buɗe ɗan shago kusa da kara, wato kasuwar dabbobi, shekara shida ke nan. Duk wanda ya san makiyayanmu ya san wuyar da na sha kafin su yarda mace ta kama saniyarsu ta yi mata allura. Na sha rana, na sha harbin jaki, na sha "ina maigidan shagon?", har aka kai yau daga Bader Goula da Tagriss ake kirana a waya. Ba ni da gona ba ni da garke, wannan yardar ita ce duk abin da na mallaka, kuma ita ce ake shirin raba ni da ita a kan kifi. Kifi fa!

Yayan mijina babban ɗan kasuwar shanu ne, Yaya Alhaji muke ce mashi, yawancin dillalan kara a hannunshi suke. Bara ya je Lome ya ga wani akwatin gilashi a otel, kifaye masu launi na yawo a ciki, shi ke nan ya rantse sai ya yi irinshi a salon ɗinshi. A Dakoro, garin da mata ke jera bido a bakin famfo. Wani mutum ya zo daga Yamai ya haɗa mashi, da yashi da duwatsu da injin iska, aka ƙara panno mai aiki da hasken rana a rufi don kada ɗaukewar kuran, wato lantarki, ta kashe su. Kifi bakwai, na teku, ba a cin su, gishirin ruwansu ma na daban ne a buhu ake kawo shi. Tun daga ranar duk baƙon da ya shiga gidan ba ya samun ruwan sha sai an kai shi gaban gilashi ya ce masha Allah. Mutumin da ko iyo bai iya ba ya zama malamin teku, har da nuni da sanda.

Watan jiya Hajiya matarshi ta kira ni ta ce in zo, kifayen sun yi ƙuraje. Na je na tarar da farin ɗigo-ɗigo a jikinsu kamar an barbaɗa masu garin gero, suna goga jiki a dutse suna haki. Ban yi ƙarya ba, na ce ban karanci kifi ba, a ba ni kwana biyu. Wanda ya haɗa akwatin ya daina ɗaukar waya, don haka na nemi wani abokin karatuna da ke aikin kifi a kudu, na kuma karanta abin da na samu. Ashe wata ƙwayar cuta ce mai cin fatar kifi. In ta ƙoshi sai ta faɗi cikin yashi ta hayayyafa, ƴaƴan su taso su sake hawa kifin. Maganin shi ne a kwashe kifayen zuwa wani mazubi marar yashi, a riƙa rage gishirin ruwan a hankali har ya kai inda kifin zai jure amma ƙwayar ba za ta jure ba. Babban akwatin kuma a bar shi babu kifi wajen wata biyu, yunwa ta kashe abin da ya rage.

Na yi wa Yaya Alhaji wannan bayanin a fadarshi, gaban mutanenshi, cikin ladabi har da rusunawa. Ya yi dariya har hularshi ta goce. Wai shi tun yana ɗan shekara goma yake bin garke, dabbar da duk ta yi tsutsa kanwa ake ba ta, shi ya sa bayan damina ake kora shanu arewa su lashi gishiri. Wai kifin ruwan gishiri ne, ya yi ciwo, ni kuma na ce a rage mashi gishiri, wannan wane irin karatu ne? Ƴan fada suka ɗauka, "ƙwarai Alhaji, haka yake Alhaji", mutanen da in ya ce rana daga yamma take fitowa za su ce jiya ma sun gani. Ya kuma ce salon ɗinshi ba zai zauna da akwati wayam ba kamar na matsiyaci. Na ce to, na tashi.

Kashegari na tafi ƙauye yin allura na kwana biyu. Ina can Hajiya ta aiko mani da vokal, saƙon murya, tana kuka, ta ce ya sa an daka kanwa ungurnu da gishirin manda ya zuba da hannunshi, ta hana shi ya daka mata tsawa, kafin la'asar huɗu sun juya ciki sama. Ta ce in rufa mata asiri kada ya san ta faɗa. Ina dawowa na kwashe ukun da suka rage na kai gidana, na sa su a babbar roba da ɗan injin iska, ina auna ruwa safe da yamma kamar mai jinyar jariri. Ɗaya ya mutu, biyu suka tashi. Yau sati uku, ɗigon ya ɓace, suna cin abinci.

Kuna tsammanin na samu sannu? Ina! Ashe bawan Allah nan ya shiga kara ya ce ni na kashe mashi huɗun, wai ni na taɓa ruwan da "maganin takarda". Ban taɓa ruwan nan ba wallahi, ko yatsa ban tsoma ba kafin su mutu. Namiji guda, da gemu da tsinin hula, ya kasa cewa na yi kuskure, sai ya laɓe bayan matar ƙanenshi. Dillalai kuwa suka yi ta yaɗawa, kowa na ƙara nashi, har an kai ga wai shanu ma haka nake yi masu, in sun mutu a daji wa ya sani.

Da farko na yi tsaki na share, don ban ɗauka mai hankali zai saurara ba. Sai ranar kasuwar da ta wuce wani dattijon Bafulatani, Baffa nake ce mashi, wanda shi ne farkon wanda ya taɓa miƙa mani saniyarshi, ya tsaya a ƙofar shagona ya ƙi shigowa. Ya ce, "Likita, an ce kin kashe dabbar Alhaji mai tsada. Wanda ya kasa da ƙarama, yaya za mu yi da babba?" Na fara bayani, ya ce Allah ya kyauta, ya ja karsanarshi mai zawo ya nufi teburin masu saida ƙwayoyin magani a rana. Ranar mutum biyu kaɗai suka shigo shagona. Na rufe ƙofa na yi kuka, ba zan ɓoye maku ba.

Yanzu ga inda ake. Ranar Asabar Yaya Alhaji zai yi baƙi daga Maraɗi, ya aiko maigidana ya gaya mani in mayar da kifin nan biyu cikin akwati kafin su iso. Ya ce kuma in zo fada in ba shi haƙuri gaban mutane, in na yi haka ya yafe, zai sa dillalai su ce wa makiyaya su koma wurina. Ku ji fa, shi ne mai yafewa! Akwatin nan sati uku kawai ya yi, ƙwayar na nan cikin yashi tana jira. In na mayar da su za su yi kyau ranar Asabar, baƙi su ce masha Allah, bayan ƴan kwanaki ɗigon ya dawo, in suka mutu kuma kun san sunan wa za a kira. In na ƙi, ya riga ya fara cewa ƙila sun mutu ne nake ɓoyewa.

Maigidana ya ce in yi haƙuri in je, wai yayanshi ne, shi ya yi mashi aure, kifi ne kawai. Na ce ai ba kifin ba ne, bakina ne ake so in buɗe gaban kara guda in ce na yi abin da ban yi ba. Ya koma kallon takalminshi, shi ma dai ga shi nan. Vokal ɗin Hajiya na cikin wayata, in na kunna shi a kara magana ta ƙare cikin minti ɗaya. Amma baiwar Allah nan amana ta ba ni, kuma na san mijinta, a ranar za ta kwana gidan iyayenta da ƴaƴa biyar.

To ku gaya mani. In je in durƙusa wa wanda ya dafa kifinshi da kanwa, in karɓi sunan mai kashe dabba da bakina don a bar ni in ci abinci? Ko in tona Hajiya in wanke kaina? Ko in riƙe kifin har wata biyun su cika, in zura ido ina kallon makiyaya na wuce ƙofata? Ranar Litinin ya kamata in fita zagayen rigakafi, jiya na kira rugage huɗu in shaida masu ina tafe, uku sun ce in dakata tukuna sai sun ji daga bakin Alhaji.