Huda Tara a Allon Torgrim

Litinin, 3 ga Afrilu

Solfrid ta kawo bindigar ubanta. Sati shida ke nan da muka binne Torgrim, ban sake taka gidansu ba, sai ga 'yarsa a ƙofar shagona cikin rigar direbobin bas, ta rungumo jakar a ƙirji. Wai in rage tsawon ƙotar, in sassaƙe wurin ɗora kumatu ya dace da fuskarta. Da ita za ta yi harbi ranar gasar tunawa da shi, goma ga Yuni.

Na ce, "Ki kai wa masu injin nan na birni mana."

Ta ce, "Haba Kawu Eilif. Kai ka sassaƙa ta, kai kake gyara ta tun ina makaranta. Hannun wa kuma zan ba?"

Na karɓa na jingine bayan ƙofa.

Laraba, 5 ga Afrilu

Ban buɗe jakar ba.

Asabar, 8 ga Afrilu

Na buɗe. Warin man bindiga da na tabar nan da yake cusawa a leɓe suka cika shagon. Itacen ya yi baƙi daidai inda kumatunsa yake kwanciya, har da ɗan loko. Na sa yatsa a wurin, na cire da sauri. Ɗumin murhu ne, ba komai ba.

Kujerarsa tana nan gefen murhu, 'yar gajeriyar nan mai ƙafa huɗu. Duk shekara da zarar ƙanƙara ta fara narkewa sai ya shigo ba sallama, ya zauna a kanta ya ce, "Kafinta, har yanzu tana jana hagu." In sassaƙa nan, in ƙara can, shi yana shan gahawa yana kallon bayana. In na gama ya ɗaga ta ya ce, "To, mu gani baɗi." Shekara ashirin da biyar muna haka.

Yau ma ina aiki ina jin ido a bayana. Sau uku ina waiwayawa. Tsufa!

Alhamis, 13 ga Afrilu

Aslaug tana goge kofin azurfa da ke kan kantar falo, ta ce, "Shekara arba'in da aurenmu, ban taɓa ganin ka kalli abin nan ba. Ni nake masa bauta." Na ce ta bar shi ya yi ƙura. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Da wasa ta faɗa. Na kasa gama kifin da ke gabana.

Lahadi, 16 ga Afrilu

Bari in rubuta sau ɗaya, ko zan samu sauƙi. Ba wanda yake karanta littafin nan.

Kofin yawo ne na ƙungiyarmu ta harbi: wanda ya ci gasa ya riƙe shekara ɗaya ya dawo da shi, amma wanda ya ci sau uku ya zama nasa har abada. A shekarar 1998 ni na ci biyu, Torgrim ya ci biyu. Zagayen ƙarshe, harsashi goma, a kwance, tazarar mita ɗari biyu. Ina layi na huɗu, yana na biyar, a damana. Lokacin allunan takarda ne, sai an gama a kawo a ƙirga huda.

A satin gasar na goge kunamar bindigata don ta yi laushi, na kuwa wuce gona da iri. A harbi na bakwai ta tashi tun ban gama saiti ba. Da idona na ga ƙasa ta yi tsalle a tudun da ke ƙarƙashin allo. Na san na zubar da shi, na san kofi ya tafi.

Aka kawo takardu. Tawa huda goma cif, maki tasa'in da shida. Ta Torgrim huda tara, tamanin da takwas.

Kowa a nan ya san kuskuren: ka ɗago kai ka mayar, ka ɗora saiti a allon maƙwabcinka ba ka sani ba. Harsashinmu iri ɗaya ne, huda ba ta da suna. Torgrim ya buga goma a allona. Da na buɗe baki, da an soke masa wancan harbin, ni kuma an cire mini goma, in koma tamanin da shida. Da ya ci ni da maki biyu.

Oddvar, alƙalin gasa, ya tambaya kamar yadda doka ta ce, "Akwai mai magana?" Na sunkuya ina tsince kwanson harsashi. Torgrim ne ya fara miƙo mini hannu. Ya ce, "Ban san inda ɗayan ya shiga ba." Mutane suka yi ta tsokanarsa wai ya harbo hankaka, har waƙa aka yi masa a liyafar ƙarshen shekara. Da ni aka yi dariyar.

Bai ƙara cin wata gasa ba daga nan.

Talata, 25 ga Afrilu

Ruwa. Gwiwa tana ciwo. Na ɗora tulin katako a kan kujerar don in daina ganinta. Da yamma na kwashe, sai na ji kamar na ɗora wa mutum kaya a cinya.

Juma'a, 5 ga Mayi

Solfrid ta zo awo. Na shimfiɗa mata tabarmar harbi a ƙasan shago, ta kwanta, na ce ta rufe ido ta ɗora bindiga a kafaɗa, ta ja numfashi uku sannan ta buɗe, mu ga inda jikinta yake nufa da kansa. Haka muke yi tun zamanin iyayenmu.

Kafin ta buɗe ido sai ta yi ƙas da harshe, sau biyu. Shekara nawa ina jin wannan ƙas ƙas ɗin a damana kafin kowane harbi.

Ta ce, "Kawu, lafiya? Ka yi fari fat."

Na ce ƙurar katako ce.

Ta ce, "Tana jana hagu kuwa?" tana dariya. Na ce bindigar nan ba ta taɓa jan kowa ko'ina ba, ubanki ne da rigima. Sai bayan ta tafi na lura da abin da na faɗa.

Litinin, 8 ga Mayi

Na kwance farantin gindin ƙota don in yanke tsawon yatsa biyu daga itacen. Torgrim yana da ɗabi'ar cusa kwali a ƙarƙashinsa in yana so ya ƙara tsawo, na sha yi masa faɗa, aikin ƙazanta ne. Bara da hannuna na cire wani kwalin madara. Bana ba kwali ba ne.

Takardar allo ce, an ninke ta takwas, ta yi ja don tsufa. Lamba biyar a kusurwa. Na ƙirga huda, ko da yake na san abin da zan samu. A baya da fensir, rubutunsa mai kama da tafiyar kaza:

"Tara. Ɗayan yana wurin Eilif."

Ba kwanan wata. Ban san yaushe ya rubuta ba. Na dai san bayan gyaran bara ya sa ta, lokacin da likita ya riga ya faɗa masa ciwonsa ba na tashi ba ne. Ya kuma san hannun da zai kwance farantin nan.

Talata, 9 ga Mayi

Ashe ya sani.

Laraba, 10 ga Mayi

Yau haushi nake ji. Tsohon banza! Shekara ashirin da biyar kana zaune a shagona kana shan gahawata, ba za ka buɗe baki ka ce Eilif ka cuce ni ba? Da ka zage ni. Da ka mare ni a gaban Oddvar, da tuni an wuce wurin. A'a, sai "tana jana hagu". Wa yake hagunka in ba ni ba?

Na faɗi wannan da ƙarfi ina fuskantar kujera. Aslaug ta leƙo ta ce da wa nake magana. Na ce da rediyo.

Kunya nake ji, ba haushi ba. Duk shekara yana kawo mini dama har shago, ni kuwa ina sassaƙa itacen da ba shi da laifi.

Laraba, 17 ga Mayi

Ranar ƙasa. Mun yi maci da tutar ƙungiya, an ci waina da jan cuku a zauren filin harbi. Oddvar ya ja ni gefe. Kamar yadda muke yi wa duk wanda ya rasu, za a bar layin Torgrim a buɗe ranar gasar: a shimfiɗa tabarmarsa, a kunna allonsa, ba mai kwanciya a wurin. Ya ce, "Kai za ka kwanta a na huɗu, Solfrid a na shida. Wa ya fi ka cancanta, aminin mamaci?"

Na ce gwiwa. Ya ce, "A kwance ake yi, tsoho, ba rawa za ka taka ba."

Alhamis, 25 ga Mayi

Na gama ƙotar. Na goge wurin kumatu har baƙin ya fita, na shafa mai sau uku. Da ya bushe sai ga inuwar lokon nan ta dawo. Gumi ne ya ratsa itacen, na san haka, kafinta ne ni.

Takardar tana aljihun rigata. Sau biyu na buɗe murhu zan jefa ta, na fasa.

Asabar, 10 ga Yuni

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

Rana tas, ba iska. Mutum sha biyu a kwance, layi na biyar ba kowa sai tabarma da hularsa da Solfrid ta ajiye a kai. Yanzu na'ura ce take ƙirga, kowa da ɗan gilashinsa a gefe yana nuna masa inda harsashi ya shiga. Na Torgrim a kunne, fari fes.

Tara na farko sun tafi daidai, har da maki goma sau shida. Ban yi irin wannan harbi ba tun ina da gashi. A na ƙarshe na ɗago kai in huta, sai na ji ƙas ƙas a damana. Kusa, ba daga layi na shida ba. To, wataƙila daga na shida. Na mayar da kumatu, na ga baƙin tsakiya ya zauna daram, na ja kunama.

Gilashina bai nuna komai ba.

Wata mata a baya ta yi salati irin namu, ta kira sunan Yesu. Na juya. Gilashin layi na biyar ya nuna goma, a tsakiya cif.

Wasu sun cire hula. Oddvar ya ce, "Akwai mai magana?"

Na ɗaga hannu daga kwance. Na ce, "Nawa ne."

Aka saki numfashi, aka fashe da dariya. Oddvar ya ce, "Kai Eilif, ka kusa kashe mu! Da girmanka kake harbin allon maƙwabci? Sifiri ke nan fa." Na ce ya rubuta sifiri. Ya ce zai goge na layi na biyar. Na ce, "Bar masa. Nasa ne."

Solfrid kaɗai ba ta yi dariya ba.

Ban yi da gangan ba. Ina ganin ban yi ba.

Litinin, 12 ga Yuni

Na sa takardar a cikin kofin, na naɗe da tawul, na tafi gidansu bayan Solfrid ta tashi aiki. Na shirya jawabi tun a hanya. Da ta buɗe ƙofa sai ya gudu, na miƙa mata kawai na ce, "Na ubanki ne. Tun 1998. Na sani tun ranar."

Ta buɗe tawul, ta karanta, ta ninke yadda take.

Ta ce, "Shigo, Kawu. Baba ya ce duk ranar da ka kawo, in karɓa, kada in yi maka wa'azi, in ba ka gahawa."

Na ce, "In ban kawo ba fa?"

"Ya ce za ka kawo. Ya ce kai dai ba ka da sauri ne."

Na yi kuka a kicin ɗin mutane, ni Eilif, da shekara sittin da takwas. Ta juya baya tana wanke tukunyar da ba ta da datti har na gama.

Laraba zan faɗa wa Oddvar a taron ƙungiya. Su yi waƙar da za su yi.

Alhamis, 15 ga Yuni

An yi taro. Wasu ba su gaishe ni ba a fita. Aslaug ta ɗora tukunyar fure a inda kofin yake, ba ta tambaye ni komai ba, ta dai ƙara mini kifi.

Ban waiwaya ba yau a shago, sai da na tashi na lura. Ba wani abu ba ne, aiki ne ya yi yawa.

Na zauna a kujerar don in ɗaure takalmi. Ƙafarta ɗaya ta fi sauran gajarta, tana ta rawa, sai ka dafa bango. Shekara ashirin da biyar yana zama a kanta a shagon kafinta, bai taɓa faɗa ba.

Gobe zan gyara.