Naira Biyu da Ran Sale Mai Casa

Zuwa ga Babban Injiniya mai ba ma'aikatan lantarki lasin a wannan yanki.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Yallaɓai yana lafiya, shi da iyali. Ni ne Garba mai lantarki na Kura, wanda ofishinka ya karɓe wa lasin a watan jiya. Na yi ta sintiri, kullum masinja ya ce ba ka nan, shi ya sa na rubuto a fili kowa ya gani.

Na ɗaya. Tun da ruwan Tiga ya iso gonakinmu aka jawo wuta gari, masu hali suka shiga kafa injin niƙa da na casar shinkafa. Kuka ce ba za a jona wa kowa wuta ba sai mai lasin ya duba wayarsa. Madalla. Amma kuka yanke kuɗin dubawa naira biyu, babban aiki da ƙarami. Shagon tela mai ƙwan fitila ɗaya, kafin shayi ya huce na gama, shi ya sa sule biyar nake karɓa a wurinsa. Injin casa kuwa yini ne cur: a hau rufi, a bi waya ɗaya bayan ɗaya, a tona a tabbata an binne ƙarfen da ke kai wuta ƙasa idan ta ɓalle. Wa zai yi wannan a naira biyu ya ci da iyali?

Na biyu. Da ranin nan wani Alhaji ya kira ni in duba sabon injinsa a hanyar Bunkure. Na ce naira shida, har da man babur. A gaban masu kawo shinkafa shanshera ya kira ni ɓarawo, ya kuma kawo muku ƙarata. Sannan ya sami wani mai lasin irina, ya sa masa hannu a tashar mota, ko ƙofar injin bai gani ba. An biya naira biyu, doka ta cika.

Na uku. Maƙwabcina Sale ne ke tuƙa injin nan, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Wata Laraba ya yi alwalar azahar, ya dawo da ɗanyen hannu ya dafa jikin injin zai kashe shi, wuta ta riƙe shi. Ni aka kira na yanke ta, amma rai ya riga ya yi halinsa. Da na zaga bayan ginin, wayar da ya kamata ta shiga ƙasa a naɗe na same ta, an danne ta da bulo. Alhaji ya ce kwana ne ya ƙare. Na yarda, amma ajali ba ya wanke sakaci. Matar Sale, Hajara, tana takaba a ɗakin da katanga ɗaya ta raba mu.

Ba a yi sadakar bakwai ba takardarku ta karɓe lasin ɗina ta iso, wai na nemi fiye da ƙa'ida. Wanda ya sa hannun kuwa ko kiransa ba ku yi ba.

Ranka ya daɗe, ga roƙona. A raba kuɗin dubawa gwargwadon aiki, a rage wa mai ɗaki ɗaya, a ƙara wa mai inji. A sa Alhaji ya dubi marayun Sale. A mayar mini da lasin ɗina, don ban cuci kowa ba. Idan wannan ya yi muku nauyi ku riƙe shi, na iya tsinkar tumatir a Kadawa. Amma don girman Allah ku turo wani ya bi sauran injinan da mutumin nan ya sa wa hannu. Yanzu haka suna aiki, mata na kai musu niƙa.

Allah ya ƙara wa Yallaɓai girma, ya sa ka gama aiki lafiya. Allah ya sa takardar nan ta iso hannunka kafin a sake kirana in yanke wuta daga jikin wani.

Wassalam.

Garba mai lantarki, Kura.