Ni Ce Na Riƙe Makullin Tankin

Assalamu alaikum, Malam Edita, da duk mai karanta wannan shafi. Ina roƙonku ku ji ni har ƙarshe kafin ku tsine mini, don na riga ku tsine wa kaina. Ni tsohuwa ce, ban taɓa shiga aji ba. Mota na shigo tun daga unguwarmu har Gwagwalada don in sami mai rubuta wasiƙa wanda bai san fuskata ba. Ina faɗa yana rubutawa, in kuka ya zo mini ya ajiye biro ya jira. Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi yake karanta mini shafin nan bayan la'asar, muna jin damuwar mutane muna cewa Allah ya kyauta. Ban san wata rana ni zan zama abin karantawa ba. Kada a sa sunana, sunayen da za ku ji ma na sauya su.

Shekarar da gwamnati ta taso daga Legas ta tare a Abuja, unguwarmu da ke gefen birni ta cika ta batse. Leburori, direbobi, masu gadi, kowa ya kafa ɗakin langa-langa. Rafin da muke sha tun zuwanmu, mu da maƙwabtanmu Gbagyi masu ƙasar, ya zama juji. Mahauta suna wanke tumbi a sama, mutane suna ba-haya a gefe, mu kuma muna ɗiba a ƙasa. Sai aka ce ƙaramar hukuma ta sa mana rijiyar burtsatse a kasafin kuɗinta. Kansilanmu, wanda kowa ke kira Onarabul, shi ya kawo masu inji. Suka yi kwana huɗu suna ƙara, suka ɗora tanki a kan ƙarfe, suka zagaye wurin da kwano, suka tafi.

Maigidana, wanda ake kira Malam, haƙar rijiya ce sana'arsa tun yana saurayi. Ya je ya damƙi ƙasar da injin ya fitar, ya murza, ya dawo ya ce ramin nan bai kai ruwa ba, a kan dutse suka tsaya. Ya faɗa wa mai unguwa, ya faɗa a ƙofar masallaci, ya faɗa wa duk wanda ya tsaya. Ni kuwa a lokacin ni ce shugabar mata. Ba don ilimi ba, don ina da baki ne, kuma in an kawo takarda ina dangwala yatsa ba na tambaya.

Saura kwana uku manya su zo buɗe famfo, Onarabul ya aiko a kira ni. Ya ce Mama, inji ne bai gama zama ba, ruwa zai zo daga baya, amma in manya suka murɗa famfo ba ruwa, an soke aikin ke nan har abada. Sai ya sassauta murya ya ce ya ga jerin gidajen da za a shafa wa jan fenti a rushe, namu yana ciki, shi kaɗai zai iya cire shi. A kwanakin nan wa bai ga abin da katafila ta yi a wasu unguwanni ba? Ina zan kai tsoho da 'yarmu Asabe? Ya miƙo mini makullin ƙofar kwanon, na karɓa.

Ranar Juma'a da rana tsaka, maza sun tafi masallaci, maƙwabta suna gona, ya kawo mata shida daga Karmo, masu ɗiban ruwa a wurin gini. Ni na buɗe musu ƙofa, ni na riƙe tsani. Suna sauka rafi da daro suna hawa suna juyewa a tanki, duk wanda ya wuce ya tambaya in ce ruwan kwaɓa siminti ne. Da idona na ga abin da ke yawo a kan ruwan nan. Na ga kitsen tumbi, na ga abin da ba zan sa bawan Allahn nan ya rubuta ba. Na kwance ɗankwalina muka riƙa tacewa da shi. Da suka gama na kulle, na koma gida na ɗora tuwo kamar mutuniyar kirki.

Ranar buɗewa aka yi kiɗa, muka sa anko na atamfar da Onarabul ya raba. Babban baƙo ya murɗa famfo, ruwa ya zubo, mata suka rangaɗa guɗa, har da ni. Aka cika masa kofi, ya kai bakinsa, na ga ya juya ya goge leɓe da hankici bai haɗiya ba. Sai Onarabul ya karɓi kofin ya ɗaga murya ya ce, "Ina Malam mai haƙar rijiya? Zo ka ɗanɗana mana busasshen rami." Jama'a suka kwashe da dariya. Mijina ya fito da farin gemunsa, ya karɓa da hannu biyu, ya shanye. Ya ce, "Na yi kuskure, jama'a ku yafe ni." Ina tsaye a gabansa da anko a jikina. Bayan nan aka kawo takardar shaida cewa aiki ya kammala, na dangwala.

Da muka koma gida ya ɗauki buta ya daɗe yana kurkure baki. Ya ce mini, "Maman Asabe, ruwan ƙarƙashin ƙasa ba ya warin tumbi." Na ce ni miya nake gani kada ta ƙone. Ya dube ni, ya ajiye butar. Makon nan yara da yawa sun yi amai da gudawa, jikan maƙwabciyata Maman Ladi sai da aka ƙara masa ruwa a asibiti. Aka ce sauyin ruwa ne, ciki bai saba ba. Ni na riƙe mata yaron a mota, ina ce mata sannu. Wace irin mace ce take yin haka?

Kwana uku tanki ya ƙare. Onarabul ya tara mutane ya ce wani maƙiyin ci gaba ne ya zuba yashi a bututu, bai kama suna ba, bai ma buƙata ba. Malam ya je wurin mai unguwa da maganar warin ruwa, aka ce ba kai ka nemi gafara a gaban kowa ba? Daga ranar ba wanda ya ƙara kiransa haƙar rijiya. Yara suka sa masa suna Baba Yashi, suna binsa da shi har ƙofar gida. Mutumin da ba ya rasa sahun gaba ya koma yana tsayawa kusa da takalma. Asabe ta yi dambe a bakin rafi saboda sunan nan har aka fasa mata leɓe, ni na gasa mata da ruwan zafi, bakina a rufe. Jan fentin kuwa daga baya na gane ba jerin da aka taɓa sa gidanmu. Ƙarya ce tun farko.

Daminar bara waccan ciwo ya kwantar da shi. Wata safiya na kai masa koko, ya riƙe hannuna ya ce, "In akwai abin da kike so ki faɗa mini, ina jin ki." Na ce, "Sha kokonka kada ya huce." Kwana biyu ya rasu. Shekara arba'in da wani abu muna tare, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, abin da na iya ba shi ke nan. Har yau in na ɗaga kofi sai warin rafin nan ya taso mini, in ajiye. In na tuna guɗar da na yi, ƙyamar harshena nake ji.

Abin da ya kawo ni yau shi ne, tun daga shekarar nan, duk kasafin da ƙaramar hukuma ta yi sai an sa gyaran rijiyarmu a ciki. Onarabul ya bar kujera, amma shi ake ba kwangilar gyaran. A zo a shafa wa tanki fenti, a ɗauki hoto, a tafi. Yarinyar da aka goya ranar buɗewa yanzu ita ke ɗaukar daro zuwa rafi. Bana an ce kowace unguwa ta kawo buƙatarta a rubuce ranar Alhamis mai zuwa. Maman Ladi, wadda ta gaje ni a shugabancin mata, ta so a nemi sabuwar rijiya a wani wuri, aka ce mata takarda ta nuna kuna da rijiya, gyara kawai za ku iya nema. Jiya ta shigo mini da takardar da tawada ta ce, "Mama, ke ce babba a nan, hannunki za a fara sa." Ta ce har Onarabul ya aiko da gaisuwa, yana tambayar ciwon ƙafata. Na ce ta bari sai ranar, yatsana yana ciwo.

In na dangwala, an sake shafa fenti ke nan, mata su ci gaba da sauka rafi, Malam kuma ya ci gaba da kwanciya a kabari da sunan Baba Yashi. In na tashi a gaban mutane na ce ramin nan bai taɓa ruwa ba, ni na riƙe tsani, sunansa zai wanku, wataƙila a haƙa mana ta gaske. Zagin unguwa ba ya ba ni tsoro yanzu, na cancance shi. Asabe nake tsoro. Ita ke ciyar da ni, ita ke yanke mini farce, duk Juma'a sai ta yi wa babanta sadaka tana cewa Allah ya isa ga wanda ya ɓata masa suna, ni kuma ina cewa amin. Ita kaɗai ta rage mini a duniya. Da wane baki zan ce mata shekarun nan duka uwarta take kai ƙara wurin Allah?

Jama'a, ku da kuka yi karatu, da malaman da ke cikinku, Alhamis saura kwana shida. In fara faɗa wa 'yata a ɗaki, ko in bari ta ji tare da kowa? In ta tashi ta bar ni, wa zai rufe mini ido? In kuma na yi shiru na bi Malam, ya sake riƙe hannuna ya ce yana ji na, koko zan sake miƙa masa? Don Allah ku faɗa mini, me zan yi?